'Yar Farin da Ban Rubuta Ba

Ina bakin ruwa a Auyo ina jiran kwalekwale, sai ga mai fito ya iso. Tun bai kafa sandarsa ba ya ce, "Malam Isa, sai haƙuri. Malam Sabo ya rasu jiya da hantsi, an kai shi bayan azahar." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a kan jakata. Kwana tara ke nan ruwa ya yanke hanyar Haɗeja inda gidansa yake, ko da an aiko mini tun jiya ba zan sami jana'iza ba. Na gaji ƙwarai a daminar nan, ga shi mutumin da nake kai wa kukan gajiyata shi ne ya tafi.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Sabo shi ya koya mana aikin jin daɗin jama'a, mu shida da hukuma ta ɗauka a shekarun baya. An taɓa tura shi kwas a kwalejin jami'a can Kudu, ya dawo da akwatin littattafai da wani tari da bai rabu da shi ba har ya koma ga Allah. Darasinsa bincike ne: yadda za ka shiga ƙauye ka gano halin da mutane ke ciki, ka rubuta ba ƙari ba ragi. Mu kuwa gani muke, mene ne abin koyo a tambaya? Kowa da bakinsa. Shi kuma yakan ce, "Lafiyar farko da mutum ya ce maka gaisuwa ce. Zauna ka jira ta biyu." Ya kuma hana mu fito da fensir kafin mu sha ruwan gidan da muka shiga.

Ni ne mai rawar kai a cikinmu. Shekarar da ruwa ya cinye shinkafar fadama, aka ce mu rubuta yaran ƙauyuka, domin disfensa zai bi da magani a kwalekwale, kuma inda takarda ta nuna nan kawai zai tsaya. Aka ba ni wani ƙauye gabas da Auyo, mutanensa asalinsu makiyaya ne da suka zauna suka kama noma. Maza duk sun tafi ceton abin da ya rage a gona, don haka nake tsayawa bayan zana ina tambayar mata, "'Ya'yanki nawa? Su wa da wa?" Aikin kwana uku na gama shi a yini ɗaya, na dawo ina ji da kaina.

Malam yana Kaugama da sauran ɗalibai, bai ga takardata ba sai bayan mako guda, disfensa ya riga ya je ya dawo. Ya karanta ta sau biyu, ya cire tabarau.

"Isa, wa ya ba ka amsoshin nan?"

"Iyayensu mata, Malam."

"Kai ne na nawa a ɗakinku?"

"Ni ne na fari."

"Ka taɓa jin Innarka ta kira sunanka?"

Ba ta taɓa ba. "Wancan" take ce mini, in baƙo ya tambaye ta 'ya'yanta daga ƙanena take farawa. Kunyar ɗan fari ce, a cikinta na girma, amma da na riƙe fensir sai na manta da ita.

"Kowace mace da ka tambaya daga na biyu ta fara," in ji shi. "Tashi mu nemi jirgi."

Kwana uku muka yi muna bin ƙauyen gida gida. Bai tambayi uwa ko ɗaya ba, wajen kakanni da maƙwabta yake zama, a yi hirar ruwa da ta shanu, sannan a gangaro kan yara. Da yawa daga 'ya'yan farin suna hannun kakanninsu a kan wani tudu da ke hayin ruwa. A can muka ji labarin Hajjo, yarinya 'yar shekara tara. Zazzaɓi ne ya kwantar da ita. Kwalekwalen disfensa ya wuce ta gaban tudun bai tsaya ba, domin ba ta cikin takarda. An binne ta kwana biyu kafin mu iso.

A hanyar dawowa na ce, "Malam, ni na kashe yarinyar nan."

"Da ka rubuta ta, za ta tashi?"

"Ban sani ba."

"Ni ma ban sani ba, Allah ne Ya sani. Abin da ba mu sani ba, ba ma rubuta shi, ko a takarda ko a zuciya. Abin da muka sani shi ne ka yi gaggawa, ni kuma na tura ka kai kaɗai."

A gaban Baturen ofishinmu Malam cewa ya yi kuskurensa ne, ya tsaya aka yi masa faɗa tas. Bai sake tayar mini da zancen ba. Duk sabon ɗalibin da ya zo yakan ce masa ya nemi kaka kafin ya rufe littafi, amma bai taɓa faɗin a kan wa ya koyi haka ba. Yanzu ɗaliban bana hannuna za su dawo, kuma wallahi ban san inda zan samo irin haƙurinsa ba.

Sai ranar uku na samu na shiga Haɗeja. Bayan na yi wa maza gaisuwa a zaure, aka kai ni wajen mahaifiyarsa, Iya, wadda tsufa ya riga ya lanƙwasa. Malam shi ne ɗanta na fari. Na tarar da ita tana tsintar shinkafa a faifai, idonta a bushe, mata suna ta yaba dauriyarta.

"Iya, ya muka ji da haƙuri?"

"Lafiya lau, ɗan nan. Da godiya."

Aka kawo ruwa na sha, na gyara zama. Masu gaisuwa suka shigo suka fita, ina nan. Can da ɗakin ya rage mu biyu, ba ta ɗago kai ba ta ce, "An ce shi ya koya maka aiki."

"Shi ne, Iya."

"Wancan ɗin, ya iya kuwa? Ban taɓa tambayarsa ba."

Na ce, "Ya iya, Iya. Duk ƙasar nan babu kamarsa."

Ta ajiye faifan a hankali, ta ja mayafi ta rufe fuskarta.

Allah Ya jiƙan Malam Sabo, Ya yafe masa kurakuransa, har da wanda ya ɗauka ba nasa ba. Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya jiƙan Hajjo. Ya raya abin da Malam ya bari, Ya ba iyalinsa juriyar wannan rashi, Ya sanyaya zuciyar Iya, wadda ta yi shekara hamsin tana son ɗanta ba ta kira sunansa ba. Amin.