Kaka da Wutar Kashin Shanu

Malamin gona ya ƙyasta ashana a bakin tiyo, sai ga wuta shuɗiya daga duron kashin shanu. A Wurma ne, shekarar da na gama firamare. In Kaka ta yarda, na huta da zuwa itace.

Ta toshe hanci. "Tuwon kashin shanu? Allah ya kiyaye!"

Ni da ko gaisuwa sai na sunkuyar da kai, na ce, "Kaka, ai da wutar busasshensa kike dama mana koko."

"Ja'ira, ashe kina da baki!"

Da aka tuƙa tuwo a wutar, malmala biyu ta ci.

Yanzu an ce iskar juji, irin wadda ke fita daga duron nan, na ƙara zafin duniya in an sake ta ba a ƙona ba. Ku fa, da za ku ci tuwon?