Madam Kulu da Dodon Koɗi

Shekara goma sha ɗaya ke nan Madam Kulu Tanko tana koyar da ilimin halittu a wani kwalejin gwamnati a Madarunfa. Ɗiyar manomi ce daga Gabi, ita ce mace ta farko a gidansu da ta ci jarrabawar bak ta shiga jami'a. Ajinta yara tamanin ne da ɗoriya, uku uku a kan benci. Ɗakin gwaji kuwa babu shi. Abin da ta tarar kawai tsohon mikroskof ne guda ɗaya, madubin ganin ƙananan halittu, a kulle cikin kabad ɗin darakta, shugaban makarantar, don kada ya lalace.

Yaran suna da kai, wannan ba ta taɓa shakka ba. Ka ba su darasi yau, gobe su kawo maka shi a ka, ko waƙafi ba su bari. Abin da ke damunta, ba su yarda abin da ke cikin littafi yana nan a garinsu ba.

Ranar da ta koyar da tsargiya, wani ɗalibi mai suna Ashiru ya ɗaga hannu ya ce, "Madam, ai fitsarin jini ba ciwo ba ne. A unguwarmu kowane namiji yana yi, girma ne."

Ajin ya fashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Aka tashi ta wuce wurin darakta, ta tsaya a kansa har ya miƙo makullin.

Washegari da hantsi ta sa safar hannu ta roba, ta tsinto dodon koɗi daga kududdufin da yara ke wanka. Ta zuba su a kwalabe da ruwa, ta jera a rana. Bayan awa biyu ta ɗiga ruwan a gilashi ta sa a ƙarƙashin madubin, ta ce su zo su ga abin da ke fita daga dodon koɗi yana kawo tsargiya. Yara suka yi layi har waje. Da Ashiru ya leƙa ya ga ƙananan tsutsotsi masu wutsiya suna iyo, sai ya ja da baya ya ce, "Innalillahi! Da waɗannan muke wanka?"

Labari ya zaga gari. Ranar Laraba sai ga Malam Idi, mahaifin Ashiru, da dattawa huɗu, sun zo su gani da idonsu. Malam Idi ya daɗe sunkuye a kan madubin. Da ya ɗago ya ce, "Malama, Allah ya yi miki albarka. Mun jima muna cikin duhu."

Cikin makon nan iyaye suka riƙa kai yara likita ana ba su magani, mai gari kuma ya hana wanka a wurin.

A bara uku daga cikin ɗalibanta mata suka shiga sashen kimiyya a lise, babbar sakandare. Ta rubuta takarda sau biyu tana neman ɗakin gwaji, har yau shiru. Duk da haka kowace damina takan fita da ajinta gona, su tono saiwar wake su duba ƙulle-ƙullen da ke ciyar da ƙasa.