Ƙwan Hadiza a hammatata

Har yau ina tuna ranar da kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke muna tsakiyar ɗibar ƙwai, gurup, injin ba da wuta, kuma ya ƙi tashi.

Ni Bagobirar Gidan Sori ce, ban yi lakol ba, wato boko. Shara da wankin kaya nake yi a wani ƙaramin asibitin haihuwa a Maraɗi. Ga aikin, don wanda bai sani ba: ana yi wa mace allurai, ƙwayayenta su nuna, likita ya zuƙo su da doguwar allura, a haɗa da ruwan miji, a mayar mata. Cirewar tana da lokacinta. In ya wuce, ƙwan ya faɗi cikin jiki, an yi asara.

Mai jinyar ranar Hadiza ce, daga Gazawa. Ta daɗe da aure, ko ɓari ba ta taɓa yi ba.

Na'urar duba ciki tana da batir, ɗakin ajiye ƙwai ma haka. Injin zuƙa da abin ɗumama kwalaben tara ƙwai su ne suka mutu.

Likita ya ce wa malama Rabi mai taimaka masa, “Kawo sirinji. Ja a hankali, in kin fizga ƙwan ya lalace.” Sai ya dube ni. “Inna, ajiye tsintsiya, wanke hannu. Ƙwai ba ya son sanyi.”

Duk kwalbar da ta cika, sai a toshe, in sa a hammata, in taka zuwa wurin Isufu mai duba ƙwai.

Ya ce, “Inna, yau kwanci kike yi?”

“Kaza ta fi ka aiki. Karɓi.”

Hadiza, cikin mayen allura, ta ce, “Inna, kada ki yar mini da ɗa.”

“Kwanta. Yana nan.”

Amma ruwa kawai nake gani a kwalbar, jaja-jaja. Da aka gama na ce sai Isufu ya nuna mini. Ya bar ni na leƙa madubinsa mai ƙara girman abu. Ɗigo ne, da hazo kewaye da shi. Ba ɓawo, ba gwaiduwa. Na haihu, na binne, ban taɓa sanin daga nan aka faro ba.

Na ce, “Da rai?”

“Da rai. Da ɗuminsa ya iso.”

Aka mayar wa Hadiza, cikin ya kama. An gaya mini mace ta haifa. Ban gan ta ba.

Abin da na koya: a wannan aiki, in inji ya tsaya ba a tsayawa, kowa da hannunsa.

Yanzu na bar aiki, gwiwa ta ƙi. Ina Gidan Sori, ina kiwon kaji.