Ranar da Famfon Turba Ya Ƙi Jin Magana

Naja'atu 'yar Sabon Birni ce, ɗiyar wani manomin gero da bai taɓa riƙe waya mai hoto ba. Ta karanta ilimin kwamfuta a Sakkwato, aure ya kai ta garin Isa, ta buɗe ɗan shago kusa da tasha tana gyaran wayoyi. Ba ta da yawan magana. In aka kawo mata abu ya lalace, takan daɗe tana kallonsa kafin ta taɓa, har masu gaggawa su ƙosa.

A wajen ƙauyen Turba akwai rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, wadda manoma da makiyaya suka haɗa hannu aka gina. Wata ƙaramar kwamfuta a ɗakin batura ita ke tada famfo, ta tsayar da shi in tanki ya cika. Wanda ya girka ta ya koma kudu tuntuni, sai kulawarta ta faɗo kan Naja'atu.

Wata rana cikin tsakiyar bazara, Malam Wada mai gadin rijiyar ya turo mai babur ya ɗauko ta. Ruwa ya tsaya tun safe. Mijinta bai so tafiyar ba, don hanyar daji ba a bin ta bayan la'asar a shekarun nan. Ta ce masa za ta dawo da rana tsaka.

Tun daga nesa ta hango shanu sun yi cincirindo a bakin kwamin shan ruwa, babu ko ɗigo a ciki. Makiyaya na gefe guda da sandunansu, matasan gari na ɗaya gefen. Magana ta riga ta zaga cewa mutanen gari ne suka rufe ruwa da gangan don a kori dabbobi. Ba wanda ya ɗaga murya, kuma wannan shirun ne ya fi tsorata ta.

Ta shiga ɗakin, zafi kamar tanda. Batura lafiya, wayoyi lafiya. Manhajar da ke sarrafa famfon ce ta tsaya. Ta rubuta umarnin tada ta, na'urar ta ƙi, ta ba da amsa da Turanci cewa an kulle wani abu mai suna "-.mount". Ta gwada tada wata manhajar daban, amsar dai ɗaya. Abin da aka kulle shi ne tushen ma'ajiyar na'urar, wanda kowane aiki ke dogara da shi. Muddin yana kulle, abin da ke gudana zai ci gaba, amma wanda ya tsaya ba ya sake tashi.

Ta tambayi Malam Wada ko wani ya taɓa. Ya ce wani baƙo mai gyaran sola ya zo jiya, ya ga wuri ya kusa cika a ma'ajiyar, ya buɗe wata manhaja zai faɗaɗa, sai aka kira shi ya rufe a gurguje ya tafi. Nan ta gane. Irin wannan manhaja takan kulle ma'ajiya yayin da take aiki, ta buɗe in ta gama. Wannan ba a bar ta ta gama ba.

"Kashe ta ki kunna mana, ɗiyata," in ji Malam Wada, hannunsa har ya kai ga makunni.

"A'a, Kawu. Ban san inda ya tsaya da aikinsa ba. In ta mutu ta ƙi tashi, sai an kai ta Sakkwato."

Wani dattijon makiyayi, Yero, ya leƙo ƙofa. Bai yi sallama da fushi ba, amma ya ce yaransu sun fara maganar fasa tanki, kuma shi ba zai iya riƙe su har abada ba. Ta roƙe shi ya shigo ya zauna inda zai ga hannunta. Ya zauna kan jarka, sandarsa bisa gwiwa.

Ta rubuta umarnin cire kullen. Na'urar ta ce ba ta gane ba. Ta sake, na'urar ta kuma ƙi. Wayarta babu sabis, balle ta nemi taimako. A waje wani ƙarfe ya yi ƙara, wata saniya ta yi kuka mai tsawo. Zufa ta ɗiga kan madannai, ta share da gefen hijabi. Sai ta daina rubutu, ta zura wa sunan ido. Da ɗan layi ya fara, kuma duk abin da ya fara da layi na'urar kan ɗauke shi wani sashe ne na umarni, ba suna ba. Ta tuna akwai layi biyu da ake sawa gaba don a ce wa na'urar abin da ke biye suna ne. Ta sa su, ta ce bismillah, ta danna.

Ba wani ƙorafi. Ta sa na'urar ta sake karanta tsarinta, sannan ta tada manhajar famfo. Shiru ya ɗan ja. Can sai bututu ya yi tari, ya girgiza, ruwa ya fara zuba cikin tanki.

Yero ya miƙe ya fita. Ta ji shi yana yi wa mutanensa bayani da Fulatanci, yana maimaitawa da Hausa don 'yan gari su ji, cewa na'ura ce ta cije, kuma ya gani da idonsa. Ba kowa ya gamsu ba, wasu matasa sun watse suna gunaguni, amma shanu sun sha.

Ta sa wa na'urar kalmar sirri sabuwa don kada wani ya sake taɓa ta, ta hau babur rana ta fara karkata. Kafin la'asar ta isa gida. Washegari ta buɗe shago kamar kullum, wata tsohuwa na jiran ta da wayar da ta faɗa cikin kunu.