Mijinyawa, Ka Bar Wa Paulina Akwatin

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 9 ga watan Afrilu, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Malam Mijinyawa mai gyaran rediyo a gidansa da ke Tirwun, bayan gajeriyar jinya. Tare muka taso a cikin gari, tare muka yi furfura. A bar ni in yi magana da shi kai tsaye, don ina da yabo, ina kuma da ƙorafi a kan wani akwati.

Mijinyawa, gari ya san ka da gyara. Mu 'yan kaɗan mun san ka da akwatin ƙarfen nan na ƙarƙashin teburin shagonka. Lokacin da masu ba da hayar finafinai suka fara zubar da kaset saboda zuwan faifai, kai ka bi su kana tsincewa. Ba ka ɗauki waɗanda aka yi yayi ba. Waɗanda ƙura ta rufe don ba mai tambayarsu, su ka kwasa: na masuntan nan mara launi, wanda babu faɗa babu waƙa, na makaho mai gyaran agogo, da wani na Hausa na farkon zamanin bidiyo, na wa da ƙane masu rigima a kan rijiya, wanda sautinsa ke ɗaukewa amma labarinsa ba ya sakin mutum.

Aro kake bayarwa kyauta, har da na'urar in mutum ba shi da ita. Sharaɗinka ɗaya ne: wanda ya kalla ya dawo ya zauna a benci, ya ba ka labarin da bakinsa, sannan ka ba shi wani.

Ni na ɗauka don ni aka kafa sharaɗin. A gaban kakata na tashi, kunnena ya ƙoshi da tatsuniya. In na dawo da kaset, sai in jero maka labari da hawa da gangara, ina ƙara gishiri inda mai fim ya yi rowa, kana dariya har ka ajiye abin da kake gyarawa.

Sai ga Paulina, tsohuwar ma'aikaciyar jinya 'yar Tafawa Ɓalewa, ta kawo gyaran rediyo ta tafi da kaset. Ita labarinta ba ya wuce numfashi ɗaya. Da ta dawo da na masuntan, cewa kawai ta yi, "Malam, matar nan ba ta yarda ta kalli ruwan ba sai da mijinta ya dawo gida."

Sai ka juyo wurina. "Yero, kai ka ga wannan?"

Ban gani ba. Daga ranar kuwa, in ka samo sabon tsohon fim, ita ke fara ji.

Bayan addu'ar uku, ɗanka Sabitu ya shaida mini wasiyyarka: akwati na Paulina, benci nawa. Benci, Mijinyawa. Ga shi rabin abin da ke cikin akwatin ban kalla ba, idona kuma kullum raguwa yake.

Na yi kwanaki ina cika ina batsewa. Jiya dai na sa hula na hau keke-napep zuwa gidanta a Yelwa. Ta yi mini gaisuwa, na yi mata, idonta ya kawo ruwa. Ta jawo akwatin, ta zaɓo ɗaya ba tare da ta tambaye ni wanda nake so ba, kamar dai yadda kake yi.

"Malam Yero, sharaɗi yana nan," in ji ta. "Amma ni ban da gishiri. Abin da ka gani kawai."

Na karɓa hannu biyu.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa alherin da ka yi wa mutane ya tarbe ka. Ku kuma iyalinsa, Hajiya Aishatu, da Sabitu, da Yasmin, da sauran dangi, Allah Ya ba ku haƙurin rashi, Ya albarkaci bayansa. Na yafe maka duk abin da ke tsakaninmu, abokina, har da akwatin. Shi dai wannan na ƙarshe, sai da na yi da gaske.