Ƙwaryar Gyaɗar Yaya Talatu

Yau shekara bakwai ke nan da muka binne yayata Talatu a Achika, kuma har yanzu ban huce ba. Ba mutuwarta nake jin haushi ba, wannan hukuncin Allah ne. Haushina na masu ofis ne.

Shekarar da kwalekwale ya kife a kogi da 'yan kasuwa, yaran da suka tsira sun dawo gida ba magana. Dangi suka ce iska ce, aka yi ta hayaƙi. Yaya Talatu ta ce firgita ce. Ta tara su ƙarƙashin rumfarta, ta dire musu ƙwaryar gyaɗa su ɓare. Dokarta ɗaya: ba a tambayar yaro abin da ya gani. In hannu ya saba da aiki, baki zai buɗe don kansa. Sa'a, wadda uwarta ta nutse a gabanta, sai da ta shekara tana ɓara kafin ta ce uffan.

Sau uku na raka Yaya ofishin ƙaramar hukuma a Wudil neman kwanon rufin rumfar nan. Aka ce ba ta da rajista. Ta rasu rumfar tana yoyo.

Yanzu ga shi an ce gwamnati ta ware kuɗi don yaran da suka ga tashin hankali. Da tana raye, me za ta ce? Na san dai za ta tambayi inda aka kai kwanon.

Sa'a ce ke riƙe da rumfar yau, da yara tara. Watan jiya jami'ai suka zo da mota da takardu. Sharaɗinsu, kowane yaro ya faɗi abin da ya same shi a gaban kyamara, sannan a saki kuɗin. Kunya ba ta kama su ba!

Sa'a ta tura wa babbansu ƙwarya. "Ranka ya daɗe, zauna ka taya mu ɓara. A gidan nan ba a tambayar yaro."

Ya dubi farar shaddarsa, ya dubi agogo, suka tafi da kuɗinsu.

Damina ta kusa, rufin bai gyaru ba, kuma ban yafe musu ba. Amma yarinyar da ta shekara ba ta magana ita ce ta sallami mota guda ta manya. Allah ya jiƙanki, Yaya.