Yadda kawuna ya tafasa min karatun wata biyar

Shekarun baya, ina digiri na biyu a jami'ar Aliero, aikina shi ne haɗa zinariya da jan ƙarfe su zama ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani. Idan suka yi ƙanƙanta haka, yadda suke karɓar haske yana canjawa, sai ruwan da suke ciki ya yi ja kamar zoɓo. Wannan jan shi ne sakamakon nawa gaba ɗaya. Wata biyar ina fama, kwalba ɗaya tak ta fito daidai.

Ranar Litinin zan kai ta Sakkwato a auna ta da na'ura. Ɗakin gwajinmu ba wuta, sai na taho da ita gida Jega, na ajiye gindin randa don sanyi. Nan kawuna, manomin albasa, ya gan ta.

"Wanga zoɓo fa?"

Da na ce magani ne, da an wuce wurin. Amma ina! Bakina ya ja min. Na gyara zama na ce, "Kawu, zinariya ce a ciki."

Ya ɗaga kwalbar ya duba a rana. "Zinariya ja? Ɗana, an cuce ka."

Na yi bayani har maƙogwarona ya bushe. Ya ce to.

Ranar Lahadi na dawo daga kasuwa, ba kwalba. Mahaifiyata ta ce, "Kawunka ya tafi da ita ƙauyen Jiga Makera, wai abokinsa maƙeri zai duba maka." Innalillahi! Na hau babur, ko hula ban ɗauka ba.

Na same su zaune, sun juye ruwan a ludayin ƙarfe sun tafasa har ya ƙone. Ɗan baƙin tabo kawai ya rage. Kawu ya miƙo min ludayin yana murmushi.

"Ka gani? Ba komi ciki. Allah ya so ka da ni."

Wallahi har hawaye na yi don takaici, ga shi ba dama in ɗaga masa murya. Sai da na ƙara zangon karatu guda kafin na sake samun wannan jan.

Yanzu ko ruwan sha na ajiye, ba na faɗin abin da ke ciki. Shi kuwa kawu, har gobe duk taron suna sai ya ba da labarin yadda ya ceto ni daga hannun 'yan damfara. Ranar da na karɓo takardar digirina ma, shi aka fara yi wa barka.